Shekarar da Albasa Ta Shiga Ƙwarya

Ran kasuwar Jega da ta wuce ina rubuta sunan wani mai sayar da taki a bangon shagonsa, sai wani saurayi daga cikin masu injin buga hoto a leda ya tsaya bayana, hannu cikin aljihu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba Garba, ashe aikin ga naku babu komi ciki. Ka tsoma, ka shahwa." Na ce masa haka ne, tuƙin tuwo ma babu komi ciki, ka zuba ka juya, ya je ya faɗa wa tsohuwarsa haka ya ga abin da zai ci. Abokansa suka yi dariya, ni ban yi ba. Tun ranar maganar ke cina, shi ya sa na zauna in faɗa muku yadda sana'ar take, ku da kuke danna maɓalli hoto ya fito.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana Malam Hantsi, nan Sabon Gari, ba burushi ba ne, turmi ne. In daka jar ƙasa, in tankaɗe, in jiƙa ƙaro, in tace shi da tsumma, in haɗa. Bangon ƙasa mashayi ne. In ƙaron ya yi kaɗan, ruwan farko na damina ya wanke aikinka ya bar ka da kunya. In ya yi yawa, rana ta fasa shi ya riƙa ɓarewa. Fentin gwangwani kuwa sai bangon siminti da allon kwano, shi ma sai ka san yawan kananzir ɗin da yake ɗauka. Manyan burushi daga Birnin Kebbi ake sayo su, amma ƙananan na fitar da layi Malam da kansa yake ɗaurawa da gemun bunsuru, don haka duk mahautan Jega sun san shi. Na fi shekara a shagon ban taɓa bango ba.

Mu biyu ne a hannunsa, ni da Manu. Manu Bafulatani ne, iyayensa sun daɗe da zama a Jandutsi, suna noma suna kiwo. Damina ɗaya muka shigo. Yana ce mini Kaɗo, ina ce masa Bahillace, kuma ba a wuni ba mu yi faɗa a kan wanda zai wanke kwanoni ba. Allah ya ba shi hannu. Zai ɗauki gawayi ya ja layi ɗaya ba ɗagawa, sai ka ga saniya ta tsaya a bango. Ni kuma haɗin launi da rubutu aka ba ni. Shi ya fitar da siffa, ni in cika in rubuta, haka muke.

Doka ɗaya Malam yake da ita wadda ba a yi masa wasa da ita: mai fenti ba ya hawa tsani sai ya san wanda ke riƙe da shi. Ba wai ya san sunansa ba, ya san shi. Mutumin da ke sama hannunsa ɗaya na burushi, ɗaya na gwangwani, idonsa na bango. Ransa duka yana hannun na ƙasa. Wata rana a Maiyama na saki tsanin da hannu ɗaya don in kori ƙuda, Malam yana sama. Sai da ya sauko, ya ajiye gwangwani a hankali, sannan ya kwaɗa mini mari. Ya ce, "Ƙuda ba shi kashe ka. Ni tsani na kashe ni." Daga nan har ya rasu ban sake ba. Da ya rasu ya bar mana shagon da tsanin gora guda ɗaya, in na hau Manu ya riƙe, in ya hau in riƙe.

Kakar mai fenti ita ce lokacin zaɓe. Kun dai san yadda ƙasar nan take: tun da Bature ya tafi soja bai taɓa fitowa daga bariki ya karɓi mulki ba, majalisa ce ke yi. Kowace mazaɓa ta aika wakilinta, wakilai su taru su ɗaga Firayim Minista daga cikinsu, wanda bai da rinjaye ya nemi abokin tafiya. Jam'iyyu kuwa kamar rumfunan kasuwa. A zamaninmu akwai Rumbu, babbar jam'iyyar da ta daɗe tana riƙe da gwamnati. Akwai Albasa ta manoma, Ƙwarya ta makiyaya, Sikeli ta 'yan kasuwa, da Kwalekwale ta mutanen bakin kogi. Tsohuwar da za ta dangwala yatsa ba suna take nema a takarda ba, hoto take nema, kuma bango ne ke koya wa idonta hoton. To mu ne masu bangon.

Kada wani ya ce mini albasa zagaye ce kawai da ganye a kai. Albasar farko da muka zana a Aliero, a bangon wani dillali, sai da tsofaffi suka taru suna dubanta kamar za su taya. Ɗaya ya ce wuyanta ya yi kauri, irin wannan ba ta ajiyuwa, kafin bazara ta ruɓe, jam'iyyarsu kuwa ba ruɓaɓɓiya ba ce. Wani ya ce jan ya yi haske, wannan ba ta Aliero ba ce, baƙuwa ce. Muka kankare, Manu ya sake ja, na sake haɗa launi da ɗan shuni a ciki, sannan suka yarda. Ƙwarya ma ba sauƙi. Matan Fulani masu tallar nono su ne alƙalai. Su tsaya da kaya a ka, su ce wannan zanen bakin ƙwaryar ba na mutanen kirki ba ne, wa ya koya muku? Manu ya riƙa ba su amsa da Fulatanci suna dariya, ni ina ƙasa riƙe da tsani ban san ko zagina ake yi ba.

Shekara da shekaru haka muka yi. Da safe Albasa, da azahar Ƙwarya, washegari Rumbu, duk da tsani ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayarmu wa za mu zaɓa. Mai fenti kamar wanzami ne, kowa kansa yake kawo masa.

Sai shekarar da ta ɓaci ta zo. Rumbu ta tsufa, mutane sun gaji da ita, Albasa da Ƙwarya kowacce ta hango za ta iya cin kujerar mazaɓarmu. Abin da suka samu na riƙewa shi ne burtalin da ya ratsa fadama tsakanin Maiyama da Aliero. Masu noman rani sun ci gefensa, shanu kuma sun sha shiga fangali. Tsohuwar magana ce, kowace shekara masu gari da ardo sukan zauna su yi ta ja su daidaita, wani ya biya, wani ya matsa shinge. Wannan karon 'yan takara suka ɗauke ta suka sa a bakin lasifika. Ɗan takarar Albasa ya tsaya a filin kasuwar Jega, da kunnena na ji shi, ya rantse ko a ranar tsayuwa ba zai raɓi inuwa ɗaya da 'yan Ƙwarya ba. Na Ƙwarya ya zo bayansa da sati guda ya ce albasa abin da ake yanka wa nama ce.

Sakataren Albasa na yankinmu ya zo shago da kansa, ina wanke burushi, Manu yana fere gawayi. Bai ko zauna ba.

"Garba, muna da aiki mai yawa, tun daga nan hab bakin Maiyama. Amma da sharaɗi. Mai yi muna aiki ba shi yi ma Ƙwarya."

Na ce, "Ranka shi daɗe, tun zamanin Malam kowa muka yi ma."

"Wancan zamanin Malam na. Yanzu ko kana ciki ko kana waje." Ya dubi Manu, ya ƙara da cewa, "Kuma ba mu son hannun da ka zana muna albasa shi zan shi ka zana ƙwarya."

Ba a kwana biyu ba sakataren Ƙwarya ya zo da irin wannan magana, sai dai shi ni ya duba. Rumbu a shekarar ba ta da ƙarfin fenti a wajenmu, Sikeli da Kwalekwale kuwa aikinsu a nan bai taka kara ya karya ba. In mun ƙi duka biyun, mun zauna ke nan kaka ta wuce mu, ga iyali.

Manu ne ya kawo shawara. Ya ce, "Kaɗo, mu raba musu. Kai ka bi Albasa, ni in bi Ƙwarya. Ran da anka hwaɗi sakamako mu dawo shagonmu, su ci kansu."

Na ce, "To wa ka riƙe maka tsani?"

"Sun ce suna ba ni yara."

"Ka san su?"

Ya yi dariya ya ce wata biyu ne kawai, ba shekara ba. Ya ɗauki tsanin gora, ni na ari na wani magini. Manu ya zana mini albasa a takardar siminti, na yanke ta in riƙa ɗorawa a bango ina bi. Ni ba Albasa ce a gabana ba, ba kuma Ƙwarya ba. Abin da nake so kawai zaɓen ya wuce mu koma shagonmu mu biyu kamar da.

Aikin da nake yi ran da abin ya faru, albasa ce babba a bangon wani sito a Maiyama, tsayinta ya fi mutum. Wanda aka ba ni ya riƙe tsani hannunsa ɗaya na kan tsanin, ɗaya na kan waya, yana hira da budurwa. Ina sama ina cika ganye da kore, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na sauko na ɗauka. Wani mai shago ne daga Aliero, wanda ya ba da bangonsa a zana ƙwarya. Ya ce, "Garba, abokinka ya hwaɗi."

Daga baya ya ba ni labarin dalla-dalla. Kwana ɗaya kafin nan Albasa ta yi taro a garin, jini bai kwanta ba. Manu yana can sama yana fitar da bakin ƙwarya, sai samarin Albasa suka ɓullo daga wajen kasuwar albasa, wani Labbo a gabansu, mai lodin buhuna a tasha. Yaron da Ƙwarya ta ba Manu yana hango su ya saki tsani ya ranta a na kare. Labbo ya sa ƙafa ya shure gindin tsanin. Manu ya taho da gwangwani da komai, ya tare ƙasa da hannun dama, a kan tarin duwatsun da mai shagon ya tara zai yi daɓe.

A Jandutsi na same shi, wajen mai ɗori, an ɗaure hannun da karare tun daga yatsu har gwiwar hannu. Farin fenti bai gama fita daga gemunsa ba. Na tsuguna kusa da shi. Shi ya fara magana.

"Kaɗo, ka gama albasar?"

Na ce saura ganye.

"Koma ka gama. Kak ka bar musu rabin aiki su ce yaran Malam Hantsi ba su cika alkawari."

Na koma na gama. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, daga baya aka kai shi asibiti, su ma suka yi nasu. Ƙashi ya haɗe, amma wuyan hannun ya sandare, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. 'Yan Ƙwarya suka zo da motoci suka ɗauki hotonsa, suka kai ƙara da sunan jam'iyya, suka riƙa kiran sunansa a kowane taro: ga abin da Albasa ta yi wa ɗanmu. Sunan Manu ya ci musu ƙuri'u da yawa a rugage.

Aka yi zaɓe. Ɗan takarar Albasa ya ci mazaɓarmu da ƙyar. A ƙasa baki ɗaya kuwa ba wanda ya samu rinjaye. Rumbu ta fi kowa kujeru amma ba su kai ta kafa gwamnati ita kaɗai ba. Aka shiga ciniki a babban birni, mu muna nan muna bin rediyo a rumfar mai shayi. Yau a ce Albasa za ta bi Rumbu, gobe a ce Ƙwarya ce za ta bi. Ba wanda ya kawo wa ransa abin da ya faru, don duk mun ji rantsuwa da kunnenmu.

Wata safiya rediyo ta ce an daidaita. Albasa da Ƙwarya da Sikeli sun haɗa kai sun kafa gwamnati, sun bar Rumbu a waje. Da yake Albasa ba za ta bi Ƙwarya ba, Ƙwarya ba za ta bi Albasa ba, sai aka ba mutumin Sikeli Firayim Minista, wanda jam'iyyarsa ta fi kowacce ƙanƙanta a cikinsu. Wakilinmu mai rantsuwa ya zama ministan gona, jagoran Ƙwarya ya zama ministan dabbobi da ruwa, ofishinsu bene ɗaya. Maganar burtali aka ce an kafa kwamiti. Mai shayi ya kashe rediyon ya ce wannan shi ne gamin gambiza. Ƙarar Manu kuwa, waɗanda suka kai ta su suka je suka janye, wai don kada a ɓata sabuwar tafiya. Ba su ko aika masa ba, a bakin mutane ya ji. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Aikin da ya biyo baya shi ne allon ofishin haɗaka, nan bakin titi a Jega. Sakatarorin nan biyu suka zo shago a mota ɗaya, suna tafawa. Suka shimfiɗa mini takarda: albasa zaune cikin ƙwarya, sikeli a sama, a ƙasa hannu biyu suna musafaha.

Na Albasa ya ce, "Ku biyu muka so, kai da abokinka. Bahaushe da Bahillace su yi shi tare, ka ga alama ta yi kyau. Ina shi?"

Na ce, "Yana Jandutsi. Hannunshi bai riƙe gawayi."

Na Ƙwarya ya ce, "Ayya! Har yanzu?" Ya girgiza kai, sannan ya tambaye ni ko allon zai samu kafin Juma'a, don ministoci za su zo buɗewa.

Na karɓi aikin. Kada ku dube ni. A lokacin duk bangon da ke ƙasar nan nasu ne, wanda ya ƙi su ya ƙi abinci. Na je na tarar an riga an kafe allon kwano can sama a kan ƙarafa. Na jingina tsani, na juya in ga wa za a ba ni. Sai ga Labbo, da sabuwar hula da shadda, an naɗa shi shugaban matasan haɗaka. Ya kama tsanin da hannu biyu yana murmushi.

"Hau, Baba, ni ka riƙe maka. Komi ya wuce, yanzu duk ɗaya muke."

Na dube shi, na dubi ƙafarsa. Na ce a kwance allon a sauko da shi ƙasa. Sakatare ya ce ɓata lokaci ne, an riga an ɗaure. Na ce to su nemi wani. Suka kira mai walda ya sauke shi, na shimfiɗa shi a ƙasa, na yi aikin a durƙushe kamar mai wanki, rana na dukan bayana. Albasa da ƙwarya ba su ba ni wuya ba. Hannuwan nan ne na yi ta gogewa ina sakewa, don ni ba mai siffa ba ne, kullum sai su fito kamar damin rogo. Da ƙyar na samu suka yi kama da na mutane. Allon yana nan har yau jingine a bayan ofishin, kaji na fakewa ƙarƙashinsa, don haɗakar ba ta ga damina ta uku ba.

Bayan buɗe ofishin da 'yan makonni, ran kasuwa, Manu ya zo shago. Ya kawo rago ne zai sayar. Ya rame, hannun dama na cikin aljihun riga. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi zama.

Ya ce, "Na biyo ta bakin titi, na ga allonka. Babban yatsan na hagu ya yi tsawo."

Na ce, "Na sani. Ka dawo mana, Bahillace. An hwaɗi sakamako tuni, kai kac ce ran nan mu dawo. Ka zauna ka haɗa launi, ka nuna mani inda zan ja, ni in hau."

"In zauna in kalle ka kana ɓata yatsun mutane?" Ya ɗan yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. "A'a, Garba. Na gwada da hagu, cikin ɗaki, inda ba mai gani. Ko da'ira ba ta rufewa. Ba wannan ya kawo ni ba."

Tun da muke bai taɓa kirana Garba ba. Ya ɗaga kai ya nuna saman ƙofar shagon da haɓa, inda aka rubuta sunayenmu biyu da shuɗi, da ɗan zanen burushi a tsakani.

"Ka cire nawa. Mutane na gani su biyo ni har Jandutsi da aiki, in fito in nuna musu hannu. Na gaji da nunawa."

Na ce, "Kai ka zana shi da hannunka."

"Shi ya sa."

Na yi ta ba shi magana, ya tsaya kawai yana kallon ƙofar. Da na ga ba zai tafi ba sai an yi, na jawo benci na taka, na ɗauki wuƙar kankara. Fentin ya kama ƙwarai, don ni na haɗa shi, sai da na jiƙa da kananzir. Yana tsaye a rana yana kallo har na cire harafin ƙarshe na shafe wurin da fari. Ya matso ya duba ta gefe, yadda Malam yake duba aiki, ya ce ban bar tabo ba.

Sannan ya kwance ragonsa daga jikin turke, ya ce sai wata rana. Ya miƙo mini hannun hagu, na karɓa.